Kazar Yaye

Unguwar Television, Kaduna.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Larai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da dukan 'yan'uwa a Pankshin. Yaya damina? Mu nan ruwa bai ɗauke ba tukuna. Ni dai lafiya lau, sai gwiwa.

Yau shekara ashirin da ɗaya cif da kika fita daga gidan nan. Ranar Talata ce, 9 ga Satumba, 2003. Kin goya ɗanmu Ishaku, kin riƙe jaka ɗaya, kika ce za ki kai shi yaye wurin Mama, mahaifiyarki, mako biyu. Ba a daɗe da rufe masaƙa ba a lokacin. Kin ga mutumin da ya yi karatun haɗa launi har ƙasar waje, wanda mutum arba'in ke aiki a ƙarƙashinsa a sashen rini, ya koma zaman benci a ƙofar gida, sai kika kama hanya. Kin bar mini Deborah tana da shekara tara. Ni na yi mata rajistar sakandare, ni na raka ta kwaleji da akwatinta a kaina, ni na riƙe hannunta a majami'a ranar aurenta. Ba don wannan na ɗauki biro ba, amma tunda ranar ta zo daidai, ba zan yi kamar ban gan ta ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar Peace, 'yar Deborah, wadda ni nake kira Salama, domin ban ga laifin da Hausa ta yi ba. Kin san Deborah tana da ciki, wata shida ke nan. Salama kuwa watanta ashirin da biyu, har yanzu tana shan nono. A wurin awo an gaya wa Deborah jikinta ba zai ɗauki biyu ba, ta yaye ta. Jiya bayan sujada ta ce mini kun yi magana a waya, kin ce a kawo miki yarinyar Pankshin, mako biyu. Na taɓa jin wannan maganar a bakinki sau ɗaya, ta ishe ni.

Ba ki san yarinyar nan ba sai a hoton waya, don haka bari in gaya miki wadda kike nema. Kullum da safe nakan hau keke mai ƙafa uku zuwa gidansu a Narayi, saboda Deborah tana koyarwa a firamare, mijinta Clinton kuma yana yawon kafa sola, yau Abuja gobe Kafanchan. Kafin in buɗe ƙofa Salama ta ji ƙarar sandata, ta taho da gudu tana ihun Kaka. Abu na farko ta cire mini tabarau ta sa a fuskarta a juye. Makon jiya ta jefa takalmin uwarta ɗaya cikin bokitin jiƙon wanki, Deborah ta tafi makaranta da silifas, ko da yake dama ƙafarta ta kumbura, takalmin ba ya shiga. Idan uwar ta zauna hutawa, sai ta ɗaga mata riga ta ɗora biskit a kan cibiya, wai bebi ya ci. In bai ci ba ta cinye da kanta, ta ce bebi ya ƙoshi.

Ta san launi shida. Ni na koya mata da murafen kwalabe. Ba ta cewa bulu kamar yaran unguwa, shuɗi take cewa. Ruwan ɗorawa ne ya fi ƙarfin bakinta, tana ce masa ɗowawa. Yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba! Na horar da manyan maza a masaƙa waɗanda suka yi wata uku ba su bambance kore da tsanwa ba.

Wannan ce za a sa a mota a kai Pankshin. Na ce ban yarda ba. Na ce in dai yaye shi ne a raba yaro da uwarsa har ya manta da nono, to gidana a Television ya isa nisa, ni zan yaye ta. Deborah ta yi dariya har ta riƙe ƙasan cikinta. Clinton ya sosa ƙeya ya ce, Baba, wannan fa aikin mata ne. Na ce masa mata nawa ya gani a gidana cikin shekara ashirin da ɗaya. Daga ƙarshe mun yi yarjejeniya. Za a kawo mini ita ranar Lahadi mai zuwa. Idan kwana bakwai suka cika ba ta karɓi abinci ba, ko ta rame, Clinton zai kai miki ita, ni kuma ba zan ƙara cewa uffan ba.

Na san za ki ce tsufa ya taɓa mini kai. Ki faɗa. Yaro ɗaya ya fita daga hannuna da sunan yaye, na biyu ba zai fita ba.

Abu ɗaya ya rage. Deborah ta ce kunun acha da kike yi ne aka yaye ta da shi, ita kuma ba ta iya ba. In ba zai zame miki wahala ba, ki rubuta yadda ake yi ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda, yana lodi a garejin Television ranar Alhamis. Don yarinyar nake tambaya.

A gaishe da kowa.

Ni ne,
Filibus Gotom.

Unguwar Television, Kaduna.
22 ga Satumba, 2024.

Larai,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Achan da kika aiko ya iso, da takardarki mai layi huɗu. Ba gaisuwa a ciki, amma rubutunki bai canja ba. Na gode.

Yau kwana bakwai sun cika. Salama tana nan a gidana, kuma a nan za ta ƙarasa. Zan ba ki labarin yadda aka yi, har da inda na yi kuskure, don kada Irene ta riga ni. Kin tuna Irene maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai. Tana nan, bakinta ma yana nan.

Kafin a kawo yarinyar na zana jadawali na manna a bango, kamar yadda muke yi wa masu aikin safe da na rana a masaƙa: ƙarfe bakwai kunu, tara wanka, sha ɗaya ayaba, ɗaya barci. Ranar farko Salama ta yage shi ta cusa rabi a baki. Shi ne abu ɗaya da ta yarda ta ci ran nan. Kunun kuwa na auna komai da cokali yadda kika rubuta, ta kurɓa sau ɗaya ta tofa mini a gemu.

Kuskuren shi ne wannan. Da na buɗe jakar kayanta na tarar da wani zane a dunƙule, ba wanki ba guga, yana warin gumi da nono. Raina ya ɓaci, na ce ciki ya sa Deborah ta fara ƙazanta. Da na warware shi sai na gane shi. Atamfarki ce, shuɗiya mai ganyen rogo ruwan ɗorawa, wadda kika goyi Deborah da ita, kika bar ta a akwati da za ki tafi. Ni na haɗa wannan shuɗin a 1991, sai da muka ɓata kwana tara kafin ya fito yadda nake so. Shekara talatin da uku, Larai, bai koɗe ba. Ki je kasuwa ki sayi na yanzu ki wanke sau biyu ki gani. Ban iya barin irin wannan zane cikin datti ba. Na wanke shi da sabulu, na shanya a inuwa, na goge, na ninke.

Da lokacin barcin rana ya yi, Salama ta je jakar da kanta ta jawo zanen, ta kai hanci, ta shinshina, ta jefar. Sai kuka. Ban taɓa jin irinsa ba. Ta yi ta birgima a siminti tana kiran Mami har muryarta ta dushe. Na ba ta murafen kwalabe ta watsar. Na rera mata waƙar majami'a ta ƙara volume, kamar yadda yaran yanzu ke cewa. Kwana biyu muna haka, ba ta cin komai sai ruwa da ɗan biskit. Na zauna a bakin gado na fara lissafin ranar da Clinton zai zo da mota.

Ranar Talata Irene ta shigo ba sallama, ta ce kukan ya hana ta ƙirga ƙosai. Da ta ga zanen a ninke a kan tebur ta tafa hannu ta ce, Baban Deborah, da duk bokonka zanen yaye ka wanke? Ashe da gangan Deborah ta yi kwana uku tana ɗaura shi, don yarinyar ta riƙa jin ƙamshin uwarta. Irene ta ce ko 'yar shekara goma a layin nan ta san wannan. Na ce ba a koyar da shi a inda na yi karatu. Ta ce shi ya sa inda na yi karatu bai yaye kowa ba. Ta ɗauki zanen ta hau keke zuwa Narayi, Deborah ta ɗaura shi ta yini da shi, da yamma Irene ta dawo da shi.

Ita ce kuma ta koya mini goyo. Na duƙa, ta ɗora mini Salama a baya, ta ce in matse zanen a hammata, in ɗaure sama, in tattaro ƙasa. Sau uku yana kwancewa saboda ba ni da abin da zai riƙe shi a ƙirji, kuma Irene ba ta bar wannan ya wuce ba tare da ta faɗa ba. A na huɗu ya zauna. Kafin in kai ƙofa yarinyar ta kwantar da kai a tsakanin kafaɗuna, ta yi shiru. Da ta farka ta shanye kofin kunu, ta miƙo ta ce ƙari.

Tun ran nan da goyo nake zuwa sayen burodi. Masu faci a bakin titi suna kirana Mama Filibus. Wani ya ɗauke ni hoto da waya. Na tsaya na gyara tsayuwa don ya ɗauka da kyau. Na tsaya a gaban manyan baƙi a masaƙa ina bayani da Turanci, ban ji alfahari kamar yadda nake ji yanzu ba.

Ranar Juma'a da la'asar ina ba ta ayaba a tsakar gida, sai na ga ido a ramin ƙyauren ƙofa. Deborah ce, ta taso daga makaranta da cikinta da jakar littattafai, ta duƙa tana leƙe. Doka ita ce kada yarinya ta gan ta. Na juya Salama ta ba ƙofar baya, na ɗaga kofin da ta shanye sama don uwar ta gani. Ta daɗe a wurin. Da ta tafi na leƙa, na hango ta tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana share fuska.

Yau Clinton ya zo duba sakamako. Ya tarar da ita tana cin gwate da hannu biyu, har a gira. Ya ɗaga ta ya ce ta ƙara nauyi. Ya ce, Baba, ka ci jarrabawa. Na ce masa ban taɓa faɗuwa ba.

Ranar Lahadi 29 ga wata, ƙarfe biyu na rana, zan mayar da ita hannun uwarta da kaina. Ina so ki sani cewa akwai gidan da mako biyu yake nufin mako biyu.

A gaishe da mutanen gida.

Filibus.

Unguwar Television, Kaduna.
1 ga Oktoba, 2024.

Uwar Deborah,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya aikin gona? Deborah ta ce ƙafa tana damunki. Allah ya ƙara sauƙi.

Salama ta koma gida ranar Lahadi, amma ba ni na kai ta ba. Wannan takarda ta fi sauran wuyar rubutawa, na yaga biyu kafin ita.

Mun dawo daga sujada, na yi mata wanka, na sa mata rigar da na saya mata, na haɗa jakarta. Ina neman sandata sai na ji sallama. Clinton ne, sanye da kaftani, ya rungumo kaza ja da ƙullin gishiri. Ya durƙusa har ƙasa ya ajiye su a gabana. Na ce mene ne wannan, ai na ce zan kawo ta. Ya ce Deborah ta tambaye ki yadda ake rufe yaye a gidanku, kika ce ba a mayar da yaro, uba ne yake zuwa da ƙafarsa ya ɗauka, da kaza da gishiri na godiya ga wadda ta yi wahala. Kika ce in uban bai zo ba, yaro yana nan inda yake, ko shekara nawa ne. Ya faɗi wannan yana murmushi, bai san abin da yake faɗa ba.

Na karɓi kazar. Ban tuna abin da na ce masa ba.

Na san wannan al'ada, Larai. Ba zan ce ban sani ba. Lokacin yayen Deborah ina aikin rana, na ce ba zan bar injin rini saboda kaza ba, na aiki ƙanena ya je a madadina. Kin dawo tare da shi ba ki ce komai ba, ni kuma na ɗauka abin bai da muhimmanci. Lokacin Ishaku ba ni da injin da zan fake da shi. Abin da ya hana ni shi ne in shiga gidanku a matsayin wanda ba ya aiki, bayan na saba shiga da mota ana fitowa kallo. Na tuna saƙon da kika aiko da direba bayan wata guda, cewa an gama, Mama tana jira. Na tuna amsar da na ba shi, cewa ba ni na kai ku ba. Daga nan na zauna ina jiran ki gaji ki dawo, ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa kin gudu saboda masaƙa ta rufe. Na faɗa har na yarda. Shekara da shekaru zanen goyonki yana cikin akwati a ɗakina, da keken ɗinkinki a lungu, ban taɓa tambayar kaina ko mai gudu tana barin waɗannan ba.

Ba ina cewa ba ki da naki ba. Mota tana zuwa Kaduna kullum. Amma nawa na gani yanzu, shi nake rubutawa.

Na bi su zuwa Narayi duk da haka, kazar na ɗaure ta a jikin famfo. Deborah tana bakin ƙofa tun kafin mu iso. Salama ta kalle ta, ta juya ta ɓoye fuska a wandona. Kusan awa guda tana fushi, ba ta yarda uwar ta taɓa ta ba. Deborah ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta yi kamar tana tsince shinkafa. Can sai yarinyar ta matso da baya da baya har ta jingina da ita, ta ɗora kunne a kan cikin. Daidai lokacin na ciki ya yi shuri. Salama ta zabura ta nuna cikin da yatsa ta ce, bari! Duk muka fashe da dariya, Deborah tana yi da hawaye. Da yamma ta taɓa ƙirjin uwar sau ɗaya, ta kalle ni, ta ce na bebi ne. Ta je ta ɗauko kofinta. Ni na koya mata wannan, kwana goma ina maimaita mata.

Yanzu mun koma yadda muke. Da safe ina Narayi. Deborah ba ta iya duƙawa, don haka ni ke yi wa Salama wanka, ni ke ɗaure wa uwar igiyar takalmi in ta matsa sai ta sa. Mun fara koyon zaman fo, ana samun nasara wajen rabi. An fito da kayan jarirai na Salama an wanke, ita kuma tana bin igiyar shanya tana cewa nata ne, tana ƙoƙarin cusa ƙafarta cikin safar da ba ta kai tafin hannuna ba. Gidana ne ya yi shiru. Jiya na dafa kunu kofi biyu kafin in tuna.

Haihuwa farkon Disamba ce in Allah ya yarda. Deborah ba za ta roƙe ki ba don tana tsoron ɓata mini rai, saboda haka ni nake faɗa: tana bukatar uwarta a jego. Wannan kam ba zan ce zan iya ba. In kin zo, Narayi za ki sauka, ba sai kin ga Television ba. In kina so ranar in zauna a gida, zan zauna.

Ki gaishe da Ishaku. Ban san ko zai amsa ba.

Filibus.

Narayi, Kaduna.
12 ga Disamba, 2024.

Uwar Deborah da Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da barka. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Na ji likita ya hana ki doguwar tafiya a mota. Na yarda da wannan, ban nemi wani dalili a bayansa ba.

Kin riga kin ji a waya, amma waya ba ta ba da labari. Namiji ne, ranar Laraba 4 ga wata da hantsi, ranarki ke nan. Naƙuda ta fara Deborah tana soya wa Salama ƙwai. Ta kashe risho da kanta, ta ce, Baba, kira Clinton. Allah ya sa yana gari. Suka tafi asibiti, ni da Salama muka zauna muka cinye ƙwan. Kafin azahar aka kira. Uwa da ɗa lafiya. Irene da matan zumunta na majami'a sun karɓi aikin ruwan zafi, suna yi suna faɗa da juna a kan wadda ta fi iyawa.

Da aka dawo da shi gida kowa yana tsoron yadda Salama za ta yi. Ta tsaya daga nesa tana kallo yana shan nono. Sai ta tafi ɗaki ta jawo atamfarki tana jan ta a ƙasa, ta ɗora masa a ƙafa, ta ce shuɗi. Daga nan ta hau cinyata ta nemi kunu. Irene ta ce ta ga yaye da yawa a Television, ba ta ga wanda ya kama kamar wannan ba, kuma ta faɗa a gaban mutane. Na sa ta maimaita.

Ba kullum ake haka ba. Shekaranjiya an kama ta tana ƙoƙarin sa masa tabarauna, jiya kuma ta ce a mayar da shi asibiti. Amma in ya yi kuka ita ce ta fara isa, tana ce masa yi shiru, Kaka na nan.

Yanzu maganar Ishaku. Ranar Litinin da safe ina tsakar gida, Salama a bayana, ina shanya kayan jariri. Wani dogon saurayi ya turo ƙofa da buhu a kafaɗa. Na ɗauka cikin abokan aikin Clinton ne, masu kawo batir da waya. Na ce masa mai gidan ya fita, ya ajiye a can gefen tanki, ya kula kada ya taka mini kwano. Ya ajiye inda na ce. Ya cire hula, ya rusuna, ya ce, ina kwana, Baban Deborah. Ina cikin amsawa sai Deborah ta ƙwala kiran sunansa daga ɗaki.

Sau da yawa Deborah ta miƙo mini waya in ga hotonsa, ina cewa idona ba ya ganin ƙananan abubuwa. Aurenta kuma ya faɗo lokacin korona, hanya a rufe. Ga inda abin ya kai mu.

Kin yi tarbiyya, Larai. Kwana uku yana nan, bai ɗaga mini murya ba, bai kuma yi mini fara'ar ƙarya ba. Ya gyara ƙofar banɗaki da ta shekara tana ƙara. Ya iya riƙe jariri fiye da Clinton. Ya ce yana koyar da lissafi a sakandare, na yi masa tambaya biyu don in gwada shi, ya amsa, ya yi mini ɗaya na kasa. Na ji daɗin kasawar. Salama ta riga ta ƙwace masa agogo. Jiya na kai shi Television ya ga gidan da aka haife shi. Ya tsaya a gaban keken ɗinkinki ya daɗe, ya ce kin taɓa ba shi labarinsa. Na so in yi masa bayani, na fara, ya ce ba komai, Baba. Sau ɗaya ke nan ya faɗi kalmar ita kaɗai, ban sani ba ko irin wadda ake ce wa kowane tsoho ce.

Gobe zai koma. Na ba shi keken ɗinkin, na sa an yi masa mai. Na ba shi kuma kazar da Clinton ya kawo mini, ban iya yanka ta ba, ta yi ƙiba a gidana, da ƙullin gishiri sabo. Na so in kawo da ƙafata yadda ake yi. In kin ce in zo bayan Kirsimeti, zan zo. In ba ki ce ba, ba zan yi ƙorafi ba. Atamfar dai tana nan, ta sami aiki.

Deborah da Clinton suna gaisuwa. Salama ta yi miki zane a bayan takardar nan, ta ce kaza ce. Ki gaishe da dukan 'yan'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ga jikokinki ido da ido.

Na san kazar ta Mama ce, ita ta yi wahalar yayen, kuma Mama ta rasu tun 2011. Ishaku yana da tabo a haɓarsa, tsohon tabo, ya warke tun yana yaro. Kwana uku ina kallonsa a wurin cin abinci. Ban san inda ya same shi ba.

Mijinki,
Filibus Gotom.